Empire ko Caliphate?

A 1967 littattafai biyu suka fito kan tarihin Sakkwato. Johnston ya kira daular empire ta Fulani, Murray Last kuwa ya ce caliphate. Mu nan Unguwar Rogo duk daula muke cewa, amma a ganina bambancin ba ƙarami ba ne. Empire ƙasa ce da aka ci da takobi. Caliphate kuwa jama'a ce da ta yi wa imami mubaya'a, kamar yadda aka yi wa Shehu Usmanu a Gudu a 1804. Ma'anar farkon ce ta yi wa Lugga amfani, don a Maris 1903 ya shaida wa manyan Sakkwato wai da yaƙi Fulani suka sami mulki, da yaƙi kuma ya koma hannun Turawa.