Sake Sarrafa Leda da Robobi: Bayani ga Jama'ar Karkara da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Abin da ake nufi da sake sarrafa roba shi ne a tattara leda da gorunan da aka gama amfani da su, a mayar da su masana'anta domin a yi wani sabon kaya, maimakon a zubar a bola ko a ƙone. Daga man fetur da iskar gas ake samun asalin roba, kuma ba ta ruɓewa kamar takarda ko ganye. Shi ya sa ledar da aka yar a gona takan yi shekaru a cikin ƙasa.

Harkar takan fara ne daga 'yan bola jari, waɗanda ke tsinto robar su sayar wa dillalai a kan sikeli. Dillalai kan ware ta iri-iri, a wanke, a niƙa a inji, sannan a kai masana'antu irin na Sharada da Challawa a Kano, inda ake narkar da ita a yi bokiti, buta, baho da kujeru. Warewar nan ita ce gishirin cinikin. A gindin yawancin robobi akwai lamba: 1 ita ce ta gorunan ruwa da lemo, 2 ta jarkoki, 5 ta bokiti da kujeru, ledar fiya wata kuwa tana cikin aji na 4. Idan aka cakuɗa su, ko aka kawo su da ƙasa da mai, farashi yakan faɗi. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka narkar da roba ingancinta yana raguwa.

A ƙauyukanmu, babban cikas shi ne kuɗin mota, domin roba ba ta da nauyi amma tana cin wuri. Saboda haka muna ba ƙananan hukumomi shawarar ware wurin tarawa a kowace kasuwar mako, a matse kayan kafin a yi lodi.

Illar barin leda a fili ba ɓoyayya ba ce. Tana toshe magudanan ruwa da damina, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Shanu da awaki kan haɗiye ta, ta cunkushe a tumbi, dabba ta rame alhali tana cin abinci. Mahauta sun san wannan sarai. Hura wuta da leda ma, wanda ya zama ruwan dare a gidajenmu, yana fitar da hayaƙi mai cutar da huhu.

Ta fuskar doka, an kafa hukumar NESREA a 2007, kuma a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da tsarin ƙasa kan sharar roba. Jihar Legas ta haramta mazubin abinci na soso a Janairun 2024, ƙasar Ruwanda kuwa ta hana leda tun 2008. A ganinmu, hani kaɗai ba zai wadatar ba a wuraren da fiya wata ce ruwan sha mafi sauƙin samu.

Akwai robar da ba a haɗa ta da sauran: gorunan maganin feshi da na kashe ciyawa. A ɗauraye su sau uku, a juye ruwan cikin tankin feshi, a huda su, a ajiye daban. Kada a zuba musu ruwan sha, nono ko man gyaɗa, ko da an wanke su da sabulu.