Jadawalin Leontief

Jadawalin Leontief, ko tsarin shiga da fita, hanya ce ta lissafi da masana tattalin arziki ke amfani da ita don gano yadda sana'o'i da masana'antu suka dogara da juna. Wassily Leontief, ɗan asalin Rasha mazaunin Amurka, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, kuma aikin ya sa ya samu kyautar Nobel a 1973.

A jadawalin, kowane sashe yana da layi biyu: na kwance yana nuna waɗanda ya sayar wa kayansa, na tsaye kuma abin da ya saya kafin ya samar da su.

Misali a Zamfara

Noman shinkafa a yankin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 kuma take shayar da gonakin Maradun, Talata Mafara da Bakura, yana buƙatar taki, iri, leburori da mai. Daga gona shinkafar takan bi ta hannun masu turarawa, masu injin casa da direbobi. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar ta shiga kusan kowane mataki. Jadawalin yana ba da damar ƙiyasta kason da mai ya ƙara wa farashin buhu, kai tsaye da kuma ta hanyar sufurin taki.

Rauni

Tsarin yana ɗaukar cewa ma'aunin kayan aiki ba ya canzawa, alhali manomi yakan rage taki ko ya koma famfon sola idan mai ya yi tsada. Babbar matsalarsa a karkara ita ce ƙarancin alƙaluma, domin yawancin cinikin kasuwannin ƙauye ba a rubuta shi.