Tarihin Amfani da Na'urar Rada Wajen Sa Ido a Kan Kurmin Fadama Mai Baƙin Taɓo

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda na'urar rada, wadda ake ɗora wa taurarin ɗan'adam, ta zama idon masana a kan kurmin fadama na ƙasashe masu yawan ruwan sama. Abin da muke nufi da baƙin taɓo shi ne ganyaye da itatuwan da suka mutu cikin ruwa, ba su ruɓe sarai ba, suka yi ta taruwa shekaru dubbai. Muddin yana jiƙe, rumbu ne na sinadarin kabon. In ya bushe kuwa, makamashin wuta ne.

2.0 Mafari

Gizagizai ba su cika barin a ɗauki hoton irin wannan kurmi daga sama ba. Ita kuwa rada ba ta jiran hasken rana, domin igiyoyin rediyo take aikawa, su ratsa girgije da hayaƙi, sa'an nan su komo da labari. Amurka ta gwada haka a kan teku da tauraron Seasat a 1978. A 1992 Japan ta harba JERS-1, wanda dogayen igiyoyinsa kan ratsa rassa, su nuna ruwan da ke kwance a gindin itatuwa.

3.0 Darasin Indunusiya

A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Shugaba Suharto ta haƙa magudanan ruwa a Kalimantan ta Tsakiya, da niyyar mai da hekta miliyan ɗaya gonakin shinkafa. Shinkafa ba ta yi ba, taɓo kuwa ya bushe. Da farin 1997 ya zo, sai gobara ta ci ƙasa ta ƙarƙashi, hayaƙi ya rufe sama. Binciken Susan Page da abokan aikinta na 2002 ya ƙiyasta kabon da Indunusiya ta fitar a gobarar da tan biliyan 0.81 zuwa 2.57. Radar tauraron Turai ERS-2 kuma ita ta nuna cewa wajen hekta miliyan 5.2 ta ƙone a Kalimantan ta Gabas tsakanin 1997 da 1998.

4.0 Kwarin Kogin Kwango

A Afirka kuwa, gano abin da ke ɓoye aka yi tun bai ƙone ba. A 2017 Greta Dargie da Simon Lewis da abokansu suka haɗa bayanan tauraron ALOS na Japan da awon da suka yi da ƙafa cikin fadama, suka bayyana baƙin taɓo mai faɗin murabba'in kilomita 145,500, ɗauke da kabon kimanin tan biliyan 30. A 2018 ƙasashen Kwango biyu da Indunusiya suka sa hannu a yarjejeniyar Barazabil don kare shi.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa rada ta tashi daga ƙidayar ɓarna zuwa faɗakarwa kafin ɓarna. Amma duk da haka, ba ta auna zurfin taɓo. Wannan sai an shiga ruwa an haƙa. Wato ke nan, tsaron wannan rumbu ya dogara ga horar da masanan ƙasashen da ke da kurmin, waɗanda za su tabbatar a ƙasa da abin da aka hango daga sama.