Yadda Sandar Golf Ta Koyi Yafiya

Sandar da ake buɗe wasa da ita a golf, wadda 'yan wasa ke kira direba, ita ce mafi tsayi a cikin jaka, ita ce kuma ta fi saurin tona asirin mai ita. Kusan duk tsawon ƙarni na 20 da itace ake sassaƙa kanta, itacen persimmon na Amurka, wanda a wajen masana tsirrai danginsu ɗaya da kanyarmu. An zaɓe shi ne don tauri da nauyi, ga shi ba ya saurin tsagewa.

Na taɓa juya irin wannan tsohuwar sanda a hannuna, kuma wallahi abin sha'awa ce. Kan bai fi dunƙulen hannu ba, ya sha fenti yana ƙyalli, zanen itacen na fitowa ta ƙarƙashinsa. A tsakiyar fuskar an dasa wani ɗan falle mai tauri an ɗaure shi da kusoshi, a gindi an lulluɓa farantin ƙarfe don kada ƙasa ta cinye shi, a wuya kuma an naɗe baƙin zare sawu a kan sawu inda ƙota ta shiga kai. Aikin hannu ne na gaske. Sai dai ba ta da tausayi ko kaɗan. Tunda kan curi ne guda, nauyinsa a dunƙule yake a tsakiya. Ƙwallo ta kuskure tsakiyar fuska da ɗan kaɗan, kan ya murɗe, ita kuma ta kama gabanta cikin ciyawa.

Ƙota ce ta fara canzawa. Da ta itacen hickory ake yi, har hukumar golf ta Amurka, USGA, ta halatta ta ƙarfe a 1924, takwararta R&A ta St Andrews ta bi sahu a 1929. Kan kuwa ya ci gaba da zama itace har wasu shekaru hamsin.

Dabarar da ta sauya komai a wajen wani injiniya ta faro, Karsten Solheim, haifaffen Norwe da ke aiki a kamfanin General Electric. A 1959 ya fara ƙera sandar tura ƙwallo rami a garejin gidansa, ya sa mata suna Ping. Ya kwashe nauyi daga tsakiyar kan ya kai shi gefe da gefe. Duk wanda ya ga ɗan garuwa ɗauke da sanda a kafaɗa, garwa biyu cike a bakin nan da bakin can, ya san ba ya iya juyawa farat ɗaya. Haka kan sanda yake: in nauyinsa na gefuna, bugun da ya kauce bai cika murɗa shi ba, sai ƙwallo ta tafi kusa da inda aka nufa. Itace ba ya yarda a rarake shi har haka. Ƙarfe yana yarda.

A 1979 Gary Adams ya kafa TaylorMade a garin McHenry na jihar Illinois, da haja guda ɗaya: direba mai kan ƙarfe mara tsatsa, rarakakke a ciki, fuskarsa a kwance digiri 12. A riƙe wannan lamba, don zan dawo kanta. Ron Streck ya ci gasar Houston a 1981 da sandar ƙarfe a jakarsa, amma manyan gwanaye da yawa sun daɗe suna yi mata kallon kayan 'yan koyo. Bernhard Langer da direban itace ya ci gasar Masters ta 1993, shi ne kuma na ƙarshe da ya ɗauki ɗaya daga manyan kofuna huɗu da shi.

Wanda ya fi kowa gane kasuwar shi ne Ely Callaway, dattijon da ya shugabanci kamfanin masaƙa na Burlington, ya yi noman inabi a Kalifoniya, sannan ya shigo harkar sanduna a 1982 yana da shekara sittin da 'yan kai. Ya lura cewa mafi yawan masu biyan kuɗin fili ba gwanaye ba ne, mutane ne da ke son su ga ƙwallonsu ta tashi sama. A 1991 ya fitar da Big Bertha, sunan wata ƙatuwar igwar Jamus ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai girman cc 190. A lokacin an ga ta yi girma har ta yi muni. A 1995 ya koma titaniyam, ƙarfen da ya fi sauƙin nauyi, kan ya kai wajen cc 250. Nauyin kan bai canza sosai ba, yana nan wajen giram 200 kamar na itace, an dai baza shi ne a wuri mai faɗi.

Daga nan hukumomi suka fara taka burki. A 1998 USGA ta ƙayyade yadda fuskar sanda za ta riƙa dannuwa tana cilla ƙwallo. A 2000 Callaway ya fitar da ERC II wadda ta ƙetare wannan iyaka, Arnold Palmer kuma ya fito ya ce masu wasa don nishaɗi su yi amfani da ita. Ya sha suka ba kaɗan ba. Ni dai ina ganin tausayin Palmer na kan hanya, domin dattijon da ƙwallonsa ba ta kai yadi 180 ba babu filin da zai lalata, ko da yake na fahimci masu cewa wasa ɗaya doka ɗaya. A 2004 aka tsayar da girman kai a cc 460, a 2006 aka sa iyaka kan juriyarsa ga murɗawa. Shi ya sa a yau manyan kamfanoni duk a bakin katanga ɗaya suke, kuma direban da ya shekara biyar ko shida bai yi nisa da na bana ba. Ga mai sayen na hannu a Kaduna ko Jos, wannan labari ne mai daɗi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda masu babban handikaf, wato waɗanda ba su ƙware ba, ke juya wa wannan gado baya. Gwanayen gasar Amurka suna kaɗa sanda da gudun da ya haura mil 110 a awa, don haka digiri 9 ya ishe su. Mai kaɗawa da mil 80 ko 85 ƙwallonsa na bukatar a taimaka mata ta hau sama ta daɗe a iska. Amma sai ka gan shi da digiri 9 da ƙota mai tauri, don ya ga haka a talabijin, ƙwallo na bin ƙasa ko tana lanƙwasawa dama, yana zargin hannunsa. Digiri 12 da Adams ya fara da shi, ko 13, shi ne nasa, kuma ƙarin kwanciyar fuska yana rage wannan karkacewar. In ƙwallo ta saba gudu dama, akwai kawunan da aka ɗan tara musu nauyi ta wajen wuya don fuska ta rufe da wuri.

Sai ƙota. Ta zaren kabon, wadda Frank Thomas ya yi wa aikin farko a kamfanin Shakespeare a ƙarshen shekarun 1960, ta sauko da nauyi daga kusan giram 120 na ƙarfe zuwa 50 ko ƙasa da haka, kuma mai laushinta na taimaka wa mai sanyin hannu. Matsalar ita ce tsayi. Direban itace inci 43 ne, na kanti a yau ya wuce 45, saboda tsayi na ƙara gudu. Yana kuma ƙara kuskure. Doka ta yarda har inci 48, tun 2022 kuma masu shirya manyan gasa na iya tsayar da shi a 46. Wanda ke yawan bugu da baki ko da wuya, ya liƙa farar takarda mai gam a fuskar sandar ya buga ƙwallo goma ya duba tabon. In ya ga a warwatse suke, ya sauko da riƙonsa inci ɗaya ya sake gwadawa kafin ya kai wa mai gyara ya rage masa ƙotar.