Bambancin taimaka wa mutum ya kashe kansa da kisan tausayi a dokar Kudu

’Yan uwa mazauna Sabo a Ibadan, Agege, Onitsha da Fatakwal, yau zan yi bayani kan laifuka biyu da ake yawan haɗa su wuri guda, alhali doka ta raba su. Ku fara sanin cewa dokar jihar da abu ya faru ake bi. Yawancin jihohin Kudu suna aiki da Criminal Code, ba Penal Code ta Arewa ba. Legas kuwa tana da tata dokar tun 2011.

Abin da kotu ke dubawa shi ne: hannun wa ya yi aikin ƙarshe? Idan mara lafiya ne ya sha guba da kansa, wani kuma ya samo masa ko ya zuga shi, wannan shi ne taimakawa wajen kashe kai. Sashe na 326 ya tanadi ɗaurin rai da rai.

Idan kuwa likita ko ɗan uwa ne ya yi allurar, ko ya ɗura maganin don ya hutar da mai jinya daga azaba, shi ake kira kisan tausayi. A dokar Kudu kisan kai ne, kuma sashe na 319 ya ce hukuncinsa kisa. Kada wani ya ce "ai shi ya roƙe ni", domin sashe na 299 ya ce yardar mamacin ba ta wanke wanda ya kashe shi. "Dama mutuwa zai yi" ma ba hujja ba ce: sashe na 311 ya ɗauki wanda ya gaggauta mutuwar mara lafiya a matsayin wanda ya kashe shi.

A wasu ƙasashe abin ya bambanta. Suwizalan ba ta hukunta mai taimakawa idan ba don son zuciya ya yi ba, amma kashe mutum da roƙonsa laifi ne. Holan ta halatta wa likitoci duka biyun bisa sharuɗɗa tun 2002.

Ƙin karɓar magani kuma daban yake. A shari’ar likita Okonkwo a 2001, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, har da ƙarin jini.

Shawarata, idan ciwon naku ya tsananta, ku nemi likita ya ba da maganin rage raɗaɗi. Idan mai jinya ya fara maganar kashe kansa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku sanar da likitansa nan take. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.