Birni ɗaya, kalanda huɗu

Tun da can, masu ƙera na'urori ba su fitar da sabon kaya sai sun duba kalanda. A ranar 1 ga Yuli 1979 ne kamfanin Sony ya fitar da Walkman a Japan, gab da hutun ɗalibai, domin matasa yake nufi da shi. Nintendo kuwa birnin Niyok ya zaɓa a watan Oktoba na 1985 don gwada na'urarsa ta wasa a Amurka, saboda cinikin Kirsimeti ya matso. Haka ma Apple: tun 2012 galibi a watan Satumba yake fitar da sabuwar iPhone, ta riga bukukuwan ƙarshen shekara isa kasuwa.

Wannan lissafi yana tafiya daidai ne inda jama'a suke da biki guda. Amma a dubi Singafo. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƴan ƙasar asalinsu Sin ne, sai ƙabilar Malay, waɗanda mafi yawansu Musulmi ne, sannan Indiyawa. Hukuma tana ba da hutu don sabuwar shekarar Sin, da ƙaramar Salla, da bikin Diwali, da Kirsimeti. Kowane biki da lokacin da masu shi suke kwance bakin aljihu.

Bukukuwan kuma ba su tsayawa wuri ɗaya. Shekarar Musulunci ta gaza ta miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, don haka Salla take zagaya watanni. Daga 1996 zuwa 1998 ta zo mako ɗaya da sabuwar shekarar Sin. Daga 2004 zuwa 2006 ta haɗu da Diwali. Ɗan kasuwar da ya tsara bana da ma'aunin bara sai ya tarar kasuwa ta watse.

Daga baya kamfanonin Asiya suka kafa nasu ranakun ciniki. Alibaba ya mai da 11 ga Nuwamba ranar rangwame a 2009, Flipkart kuma ya buɗe tasa a Indiya a Oktoban 2014, kafin Diwali.

Ranar fitar da kaya tana nuna wanda kamfani ya ɗauka mai saye na gaske, da wanda aka bari ya jira. Mai sayar da wayoyi a kasuwar Maraɗi ya san wannan sarai: kayan da suka iso bayan Salla sun makara.