Gadon Rabon Ganima a Gidan Gwamnatin Illinois

Tsakanin 1961 da 2008 mutum takwas ne suka hau kujerar gwamnan jihar Illinois a Amurka, kuma huɗu daga cikinsu sun ɗanɗana zaman gidan yari: Otto Kerner, Dan Walker, George Ryan da Rod Blagojevich. Uku 'yan Demokrat ne, ɗaya ɗan Rifablikan, saboda haka babu jam'iyyar da za ta yi wa 'yar'uwarta gori. Da sauƙi a ce jihar ta yi rashin dacen shugabanni ne kawai, amma rashin dace ba ya maimaita kansa sau huɗu cikin shekara hamsin. Abin da ya kai waɗannan mutane kotu tsohuwar al'ada ce da ta girme su, wadda ta ɗauki aikin gwamnati da kwangilarta a matsayin ganimar wanda ya ci zaɓe, ya raba wa yaransa yadda ya ga dama.

Tun a 1921 aka ga alamar inda aka dosa. A shekarar ne aka tuhumi gwamna mai ci, Len Small, da karkatar da kuɗin ruwan dukiyar jihar tun yana ma'aji. Can babu irin kariyar da sashe na 308 na tsarin mulkin Najeriya ya bai wa gwamna, don haka aka gurfanar da shi yana kan mulki. An wanke shi a 1922, sai ga wasu daga cikin mutanen da aka zaɓo su taimaka wa alƙali yanke hukunci sun samu aikin gwamnati daga baya. Jama'a suka sake zaɓensa a 1924, ko da yake a ƙarar da aka shigar ta neman haƙƙi sai da ya mayar wa jihar dala 650,000. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka daga Small shi ne cewa aikin gwamnati kuɗi ne da ake biyan bashi da shi.

A birnin Chicago da ke jihar ne al'adar ta yi saiwa, musamman zamanin Richard J. Daley, wanda ya riƙe kujerar magajin gari daga 1955 har rasuwarsa a 1976. Mai neman sharar titi ko aikin akawu sai ya zo da takarda daga shugaban jam'iyya na unguwarsu. In an ɗauke shi, albashinsa na gwamnati ne amma aikinsa na ubangida ne: ya bi gida-gida ranar zaɓe, ya kawo ƙuri'u, ya sayi tikitin liyafar tara kuɗi. Ranar da akwatin unguwarsa ya faɗi, aikinsa ya faɗi. Kotuna sun daɗe suna saran gindin wannan tsari. Ƙarar da lauya Michael Shakman ya shigar a 1969 ta haifar da umarnin hana korar ma'aikaci saboda siyasa a 1972, sannan na hana ɗauka saboda siyasa a 1983. A 1990 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta haramta wa gwamnatin jihar duba jam'iyyar mutum wajen ɗaukar ƙananan ma'aikata ko ƙara musu girma. Abin dariya kuwa, gwamnan da aka yi ƙarar a kansa shi ne James Thompson, wanda ya yi suna a 1973 a matsayin mai gabatar da ƙarar da ya sa aka ɗaure Kerner kan karɓar hannun jarin filin sukuwa a farashin alfarma.

Da aka toshe ƙofar ɗaukar aiki, al'adar ba ta mutu ba, sai ta koma wajen kuɗin kamfe. Shari'ar Ryan ce ta fi nuna munin wannan. Daga 1991 zuwa 1999 shi ne sakataren jihar, ofishin da ke bayar da lasin tuƙi, kuma ana matsa wa ma'aikatansa su kawo kuɗi asusun siyasarsa. Wasunsu suka shiga sayar da lasin manyan motoci ga waɗanda ba su ci jarrabawa ba. A Nuwamban 1994, kusa da birnin Milwaukee, wani ƙarfe ya ɓalle daga jikin tirela ya fasa tankin man wata motar iyali, yara shida 'yan gida ɗaya suka ƙone. Bincike ya nuna direban tirelar da toshiya ya samu lasinsa. Ryan ya zama gwamna a 1999, aka tuhume shi a 2003 bayan ya sauka, aka same shi da laifi a 2006, aka yanke masa shekara shida da rabi. Duk mai cewa cin hanci na manya ne kuma bai shafi talaka ba, ya tuna da yaran nan.

Blagojevich ya ci zaɓen 2002 ne da alkawarin share ƙazantar Ryan. A ranar 9 ga Disamban 2008 jami'an FBI suka kama shi a gidansa, bayan sun naɗi muryarsa yana lissafin abin da zai samu idan ya naɗa wanda zai gaji kujerar sanata da Barack Obama ya bari. An kuma ji yana neman gudummawar kamfe daga shugaban wani asibitin yara kafin ya saki kuɗin da jihar ta ware wa likitocin yara. Majalisar dattawan jihar ta tsige shi a Janairun 2009 da ƙuri'a 59 babu ko ɗaya a bayansa, kuma a 2011 aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 14.

Akwai masu cewa Illinois ba ta fi sauran jihohi ɓarna ba, masu gabatar da ƙara na tarayya a Chicago ne suka fi zaƙewa. Da ƙamshin gaskiya a ciki, domin ɓarawon da ba a kama ba ba ya shiga lissafi. Amma zaƙewar mai bincike ba ta ƙirƙiro lasin bogi ba, kuma har zuwa 2009 jihar ba ta da dokar da ta iyakance yawan kuɗin da ɗan kwangila ko kamfani zai zuba wa ɗan takara. Wasu kuma sukan ware Walker, su ce laifinsa na 1987 damfarar banki ce bayan ya bar mulki da shekara goma. Haka ne, a cire shi, saura uku.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta Blagojevich kansa, cewa siyasa ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ce, kuma bai yi abin da kowa ba ya yi ba. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya a wani ɓangare: ta soke biyar daga cikin laifukansa, tana cewa neman muƙamin minista a musanyar naɗin sanata ciniki ne irin na 'yan siyasa. Sauran kuwa ta bar su, domin musanya ikon hukuma da kuɗi sayarwa ce. A ganina iyakar da kotun ta shata daidai take, kuma hujjar tasa ta fi tona asirin jihar fiye da wanke shi, tunda mutumin da ya girma cikin wannan tsari ya kasa bambance ciniki da sata.

Shugaba Donald Trump ya sassauta masa hukunci a 2020, ya kuma yi masa cikakkiyar afuwa a Fabrairun 2025. A cikin makon ne wata kotun tarayya a Chicago ta samu Michael Madigan, wanda ya shekara 36 yana kakakin majalisar wakilan jihar, da laifin cin hanci, a shari'ar da ta ƙunshi samar wa yaransa ayyuka a wani kamfanin wutar lantarki da ke jihar.